Amanar Alhaji Sambo a Ɗakin Gawa

Ku samarin da kuke zama a bencin ƙofar shagona a Mabera kuna gardama kan injin gem da zai fito nan gaba, ina jin ku ko da kaina na sunkuye a kan aiki. Wani ya ce ba za a ƙara sa masa faifai ba. Wani ya ce injin kansa ma zai ɓace, sai ɗan akwati kamar na ashana a bayan talabijin, wasan kuma yana gudana a manyan injuna na wata ƙasa yana zuwa ta intanet, abin da kuke kira gajimare. Wani ya ce a'a, tsohon injin za a bari, a riƙa sayo masa ƙari ana jonawa kamar yadda ake ƙara ɗaki a gida. Jiya ɗayanku ya leƙo ya ce, "Oga Sahabi, aikinku ya kusa ƙarewa. Ko yanzu ma mi ke cikinai? Ka kalli bidiyo, ka kwance, ka ɗaure." Na ci gaba da aikina. Ban san abin da zai fito ba. Abin da na sani shi ne na riga ku yarda da wannan magana, kuma na yi ɓarna da ita. Shi zan rubuta.

Aikin farko da aka bar ni na taɓa fad ne, abin da ake riƙewa a buga wasan. Kunu ya zube a cikinsa, maɓallin bugun ƙwallo ya manne. A shagon Baba Altine ne, a Ƙofar Rini, inda mahaifina ya kai ni bayan na bar makaranta a aji uku na sakandare. Baba Altine mai gyaran rediyo ne tun asali. Da rediyo ya yi baya ya koma bidiyo, da bidiyo ya yi baya ya koma gem. Wata huɗu na yi ina rarraba sukurori a gwangwanayen madara kafin ya miƙo mini wannan fad. Na wanke shi da sifirit da auduga, na ɗaure, na miƙa masa ina murmushi. Ya danna sau ɗaya ya ce, "Ka wanke. Ba ka gyara ba." Robar da ke ƙarƙashin maɓallin ta tsage, ni kuma ban duba ba. Ya ce in shiga ɗakin baya in ciro irinta.

Ɗakin bayan nan muke kira ɗakin gawa. Kanta ce daga ƙasa har rufi, cike da injunan da suka mutu. Baba Altine ba ya yar da ko ɗaya, domin injin da fanel ɗinsa, wato babban allon da komai ke manne a kai, ya ƙone yana da fanka mai kyau, wanda idonsa ya daina karanta faifai yana da gidan wuta lafiyayye. A jikin kowanne akwai farin salatif da ya rubuta da ajami: sunan mai shi, ciwonsa, sannan kalma ɗaya a ƙarshe. In ya rubuta "gawa", mai shi ya haƙura, kana iya cire abin da kake so. In ya rubuta "amana", mai shi yana jira, ko sukuru ɗaya ba a taɓawa. Wannan ita ce dokar shagon gaba ɗaya. Ba ta da wuyar riƙewa.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Ƙarfen dalma guda biyu, ɗaya na wuta, ɗaya na jan ƙarfe da ake sawa a garwashi in an ɗauke wuta. Mitar gwada wuta mai allura wadda ta girme ni. Tsohon buroshin haƙori, da madubin ƙara girma mai tsagaggen gefe. Daga baya ne muka samu bulowa mai hura iska mai zafi. Kafin ya buɗe inji sai ya kai hanci ya sunsuna. Ƙaurin da gidan wuta ke yi daban, na dalmar da ta yi zafi daban, na kyankyaso kuma kowa ya san shi. Wannan ba ya cikin bidiyon da kuke kallo.

Bazara ce kakarmu. In zafin Sakkwato ya kai wuya, masu gidajen gem suna layi, kowa da injinsa a hammata. Dalmar da ke ƙarƙashin babban aisi, wato ƙwaƙwalwar da ke zana hoto, takan tsage don zafi, sai inji ya kunna fitila ya mutu nan take. Akwai wanda ya kawo nasa yana ɗigar ruwa. Baba Altine ya ce, "Mi kay yi mai?" Ya ce, "Firiji nis sa shi, shi ɗan sha sanyi." Baba Altine ya ce, "Madalla. Gobe ka kai shi gulbin Rima shi yi wanka." Kwana uku muka shanya shi, kuma ya tashi.

Injin Alhaji Sambo a takardar siminti ya zo, irin wadda mahauta suke naɗe nama. Alhaji Sambo mahauci ne, gajere mai jiki, rumfarsa a nan Mabera take. Injin na ɗansa Ummaru ne, saurayi da zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke wata biyu kafin ranar. Ya ajiye a kan teburi ya ce, "Malam Altine, ni ban san komi ba ga abin ga. Amma akwai ƙungiyar ƙwallo da yaron yag gina ciki da hannunai. Ita nika son gani." Muka jona. Fitila ta kama ta mutu. Baba Altine ya yi kwana biyu a kansa, sannan ya gaya masa gaskiya. Aisin ya mutu. Rumbun ajiyar da ke ciki lafiya lau yake, ƙungiyar tana nan, amma irin wannan inji rumbunsa a ɗaure yake da fanel ɗinsa, in ka kai shi wani inji ba zai buɗe ba. Sai dai a jira a samu gawa irinsa sak, a ciro aisi a dasa. Alhaji ya ce, "In jira ne, ina jira." Baba Altine ya yanki salatif ya rubuta, ya kai shi kanta ta uku daga sama. Ina tsaye.

Daga ranar duk Juma'a in an sauko masallaci Alhaji yakan biyo. "An samu?" "Tukuna, Alhaji." Wani lokaci ya ajiye mana ƙunshin balangu. Sau biyu muka samu gawa mai kama da shi, muka buɗe muka tarar lambar aisin ta sha bamban. Aka ci shekara biyu a haka.

Sai mugunyar shekara ta zo. Yara suka koma buga wasa a waya. Mai ya yi tsada, masu gidajen gem ba su iya tayar da janareta. Ɗaya bayan ɗaya suka koma cajin waya da sayar da ruwan leda. Sai mu yini ba wanda ya shigo, in ban da mai neman a manna masa gilashin waya. A lokacin yanar ido ta rufe wa Baba Altine gani, ni nake riƙe ƙarfen dalma. Da ba aiki, sai na koma kallon bidiyo irin naku, inda ake cewa zamanin inji ya ƙare, komai zai koma gajimare. Wani ɗan kasuwa ya nuna mini ƙananan akwatuna da ake jonawa a talabijin ko a bayan tsohon inji, ya ce da su da intanet za ka buga wasan da ko masu sabon inji ba su da shi. A raina na hango shago cike da yara. Na kai wa Baba Altine maganar.

Ya ce, "In wasan shina can, in ya lalace wa ka gyara shi?"

Na ce, "Su za su gyara, Baba."

"In sun ƙiya fa? Ina ƙofar shagonsu, in je in zauna?"

"Baba, ba a zuwa. Zamani ne."

"Kai da ko kiran waya ɗaya ba ka gamawa sai ka hita waje kana halo-halo." Ya yi dariya, ya ce in bar maganar.

Ban bari ba. Da kaka ta yi aka yi masa aikin ido, ƙanensa ya tafi da shi ƙauye ya huta wata ɗaya. Akwatunan suna buƙatar talabijin huɗu da benci, wurin da za a sa su kuma ɗaya ne. Ranar Litinin da hantsi na kira 'yan gwangwan. Suka zo da kura da sikeli. Kafin su ɗora kowane inji sai in ɓare salatif ɗin jikinsa in manna a gefen teburi, domin ba na son a ga sunayen mutane a wurin gwangwan a zo a tambaye ni. Ku lura da wannan. Wanda ke ɓoye suna ya san abin da yake yi. Kuma na iya ajami, na yi makarantar allo kamar kowa. Ban karanta ko ɗaya ba, saboda na san in na karanta zan tsaya. Sawu biyu kurar ta yi. Na share ɗakin, na shafa masa fenti shuɗi.

Ranar Juma'a Alhaji Sambo ya shigo. Ya ga talabijin a inda kanta take. Ya ce, "Sahabi, ina injin Ummaru?"

A lokacin ne na tuna kanta ta uku. Da na faɗi gaskiya a nan, da laifina ɗaya ne. Sai na ji bakina yana cewa, "Alhaji, ai an ci gaba. Abin da ke ciki mun ɗora shi a gajimare. Can ba ya lalacewa, ba ya ɓata. In sabis ya yi ƙarfi za mu sauko da shi." Injin nan bai taɓa shiga intanet ba ko na minti ɗaya. Alhaji ya ce, "Ikon Allah. Wato shina nan?" Na ce yana nan. Ya sa mini albarka.

Yana fita na hau babur zuwa wurin 'yan gwangwan. Na tarar da tulin baƙar roba da aka farfasa da guduma. Fanel da rumbu da jan ƙarfe an riga an loda su a mota, ta yi kudu tun ranar Laraba. Na tona tulin har la'asar, ban san ma me nake nema ba.

Akwatunan kuwa sun yi abin da Baba Altine ya hango. Yaro zai danna bugu, ɗan wasan ya tsaya yana tunani, sai an ƙwace ƙwallon sannan ƙafarsa ta tashi. Hoto ya riƙa narkewa. Data tana ƙarewa kafin a tafi hutun rabin lokaci. Yaran suka sa wa shagon suna Gidan Jira. Bayan wata uku wani rubutu ya fito a kan talabijin ɗin duka huɗu, cewa masu abin sun rufe. Na buɗe akwati ɗaya in ga ko akwai abin gyarawa. Ba abin da ya lalace a ciki. Ba abin da zan iya yi masa.

Amma kafin nan Baba Altine ya dawo, idonsa ɗaya ya buɗe tar. Ya tsaya a ƙofar ɗakin baya ya daɗe. Ya ce, "Ka share da kyau." Sannan ya zo gefen teburi, ya bi salatif ɗin nan da yatsa yana karantawa ɗaya ɗaya, leɓensa na motsi. Bakwai daga ciki amana ne. Shida masu su sun daɗe ba su waiwayo ba. Ya tsaya a kan na bakwai, na Alhaji Sambo.

"Ka hwaɗa mai?"

"Na ce mai shina gajimare."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni ba ni hwaɗa mai. Kai kas sayar, kai za ka hwaɗi." Ya ɗauki mitarsa da ƙarfen dalma na garwashi ya sa a aljihun babbar riga, ya bar mini sauran. Bai ƙara zama a shagon ba.

Alhaji bai fasa zuwa ba, tambayar ce kawai ta canza. "Ya sauko?" "Sabis ba ƙarfi, Alhaji." Wata Juma'a ya kawo mini katin waya ya ce in ƙara a kan data, ko ita ce ta gaza. Na karɓa. Wata Juma'ar ya ce yaran rumfarsa sun gaya masa sabis ya fi ƙarfi a wajen hanyar Kalambaina, in ina so zai ɗauke ni a mota mu je can mu gwada. Na ce ba sai mun je ba. Wata bakwai muna haka.

Laifi na uku shi ne mafi kyawun aikin da hannuna ya taɓa yi, kuma ina jin kunyar faɗin haka. Na nemo inji irin na Ummaru mai aiki, na nemo faifan ƙwallo na shekarar. Na je wurin abokansa biyu na ce ina so in tabbatar abin da zai sauko daidai ne. Suka ba ni sunan ƙungiyar, suka ce koriyar riga ce da farin wando. Suka lissafa mini 'yan wasa goma, duk samarin unguwarsu, wane dogo, wane mai sanƙo. Ummaru lamba goma, ɗan bahago. Na ce gola fa? Suka kalli juna suka ce ba su tuna ba, su wa ke kallon gola. Na bar wanda injin ya bayar. Mako guda na yi ina gyara hanci da gira, da hoton Ummaru da suka turo mini a gefe. Da na gama, ɗaya daga cikin abokan ya gani ya juya baya.

Ranar Juma'a na ce, "Alhaji, ya sauko." Ya zauna a benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na kunna. Ƙungiyar ta fito a jere. Na kai kan lamba goma na tsaya, na juya shi gaba da baya. Alhaji ya kalla ya ce, "Allah shi jiƙan ka." Sai ya ce, "To koma baya. Can ga raga."

Na koma. Wani dogon Bature ne mai jan gashi.

"Wane na wanga?"

"Gola ne, Alhaji."

"A'a." Ya matso da fuskarsa kusa da gilashin. "Ni na gola. Ni yas sa." Ya ci gaba, ba ni yake kallo ba. "Wata rana da azahar na shigo gida, yak kira ni. Baba zo ka gani, na sa ka raga, na yi ma tumbi da hurhura, ba mai ci nai. Shina ta dariya. Ni ko na gaji, an kawo shanu ba shi zo ya kama mani ba. Nic ce mai ba ni da lokacin shirme. Ban ko juya ba. Shi nika son gani, Sahabi. Ummaru ina da hotunanai."

Na kashe talabijin. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, daga kura da sikeli har katin wayar da na karɓa. Na ɓaro salatif ɗinsa daga gefen teburi na nuna masa. Ya riƙe shi a tafin hannu yana karantawa. Sai na ƙara wauta ta ƙarshe. Na ce, "Alhaji, in ka kwatanta mini, zan iya yin golan. Gajere, da tumbi, da furfura. Ba zai ɗauki awa ɗaya ba."

Ya ce, "Kana iya yin tumbi. Amma ba ka san yadda yag gan ni ba."

Ya miƙe ya sa hularsa, ya manna salatif ɗin a inda na ɓaro shi, ya danne shi da babban yatsa. A bakin ƙofa ya ce, "Injin na yahe ma. Ƙarhe na, kuma kuskure kowa na yi. Amma Juma'o'in ga da kab bari ina zuwa ina tambaya, wagga sai na yi tunani."

Na je gidan Baba Altine a ranar na gaya masa na faɗa. Ya ce, "To." Ya tambaye ni ko na ci abinci. Shekarar da ta biyo ya rasu. Ƙanensa ya kawo mini mitar da ƙarfen dalman a leda, ya ce shi ya ce a ba ni. Su ne waɗanda kuke gani a kan teburi kuna dariya.

Shagon Ƙofar Rini bai tsaya ba, na dawo nan Mabera. Aiki ya ɗan farfaɗo, domin masu tsofaffin injuna ba su da halin sababbi, kuma zafi bai daina tsaga dalma ba. Shekara biyu na yi kafin in sake tara gawar da za a kira ɗaki. A tsakanin nan na mayar da ayyuka da yawa saboda rashin fanka ɗaya ko roba ɗaya da na san na taɓa sayarwa a kan sikeli. Bara wani ya kawo inji ya ce ya haƙura da shi. Na buɗe, na duba lambar aisin da madubi. Ita ce wadda muka yi shekara biyu muna nema. Aisin lafiyarsa ƙalau. Na rufe shi na kai kanta.

Wataƙila gajimaren naku zai zo, wataƙila sabis zai yi ƙarfi, wataƙila ƙarin da za a jona a baya zai yi aiki a wannan karon. Ban ce ba zai yiwu ba, na daina faɗin abin da ban sani ba. Amma duk inda aka kai wasan, wani ne zai riƙe abin da wani ya gina, kuma ranar da mai shi ya zo tambaya dole a samu wanda zai amsa.

Rumfar Alhaji Sambo tana kan hanyata. A wurinsa nake sayen nama. Yakan ce, "Sahabi, ya aiki?" in ce da godiya, ya auna, ya naɗe, ya miƙo. Bai ce mini ya gama tunanin ba, ni kuma ban tambaya ba.

Wanda ya ce aikin nan kwancewa da ɗaurewa ne, ya zo gobe da safe. Ba zan ba shi sukudireba ba. Zan ba shi salatif da biro, in kai shi ɗakin baya. A kanta ta uku daga sama akwai gurbin da ba inji a ciki, sai tsohon salatif ɗin nan da na ɗauko daga gefen teburi, manne a jikin katako. Ya fara karanta mini wannan da ƙarfi, har kalmar ƙarshe.